Rantsuwar Gide da Shirun Likita

Akwai wani likita a garin Kankara da ake kira Dakta Mas'ud. Yana da ɗan asibitinsa na kansa, ɗaki biyar da baranda. Tun da hanyoyin daji suka lalace, ma'aikatan lafiya da yawa suka tattara nasu ya nasu suka koma birni, shi kuwa ya zauna. Don haka daga ƙauyukan Faskari har na Sabuwa, wurinsa ake tururuwa.

Ya iya aiki, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma jama'a, girman kai! In ɗan ƙauye yana yi masa bayani, ko ɗaga ido daga kan kati ba ya yi. Tsoho sa'an mahaifinsa zai russuna ya gaishe shi, amsar ba ta wuce, "Uhm, mene ne?"

Sannan yana da wani abu da yake ɓoyewa. Dakta Mas'ud mashayin taba ne tun yana jami'a, sha kuma ba na wasa ba. Aljihunsa ba ya rabo da minti, turare kuwa kamar da shi yake wanka. A sahun gaba yake salla, in ana taro a gari shi ake ba kujera kusa da manya. Ba ya son kowa ya san cewa likita guda bawan sigari ne.

A katin da ake buɗe wa marar lafiya akwai layin da ake rubuta ko mutum yana shan taba. Shekara tara yana aiki a garin, bai taɓa cike layin nan ba. Ba ya tambaya, don ba ya son maganar ta taso a ɗakinsa.

Mutum ɗaya ne a waje ya san sirrin, shi ne Gide, wani ɗan acaɓa mutumin Ruwan Godiya. Shi ke ɗaukar likita a babur in za shi duba marar lafiya a ƙauyen da mota ba ta shiga. Wata rana a hanya Gide ya tsaya gindin wata tsamiya ya kunna tabarsa, sai ya ga likita yana haɗiyar yawu. Ya miƙa masa kara ɗaya, likita ya waiga hagu da dama, ya karɓa. Daga ranar, gindin tsamiyar nan ya zama zangonsu.

Gide mutum ne mai barkwanci, shekararsa talatin da takwas, 'ya'ya biyar, gona 'yar ƙarama. Babur ɗin nan shi ne cinsu. Amma duk Ruwan Godiya an san shi da hali ɗaya: in ya rantse, an gama. Ya taɓa rantsewa ba zai ƙara ɗaukar kayan wani ɗan kasuwa da ya zagi mahaifiyarsa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, mutumin ya ba da haƙuri har ya gaji, Gide bai ƙara ɗora ko tiya ɗaya ta masararsa a babur ba.

To, sai ƙafar Gide ta dama ta fara ciwo, ƙafar da yake taka birki da ita. Da farko in ya yi 'yar tafiya sai sha-raɓarsa ta ƙulle, dole ya tsaya. Daga baya yatsun suka riƙa yin sanyi ƙalau ko da rana ta take. Sai kututturen dawa ya soke shi a babban yatsa, ɗan rauni da bai kai ƙwayar wake ba, wata biyu ya ƙi warkewa.

Matarsa Hajaratu, 'yar Damari ce, mace mai kawaici, ko sunan mijinta ba ta faɗa. Ta taɓa ganin irin ciwon nan a jikin kawunta, mashayin taba, wanda yatsunsa suka riƙa baƙi ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga ƙafar mijinta, sai ta zaunar da shi ta fara roƙo.

"Malam, don Allah ka bar tabar nan. Ita ce, wallahi ita ce."

"Yo taba a baki nike shan ta, mi ya kai ta ƙafa?" in ji Gide yana dariya.

Ta yi magiya har ta gaji, sai ta kai ƙara wurin yayansa, Malam Nata'ala, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Malam Nata'ala ya kira ƙanen nasa tsakar gida ya yi masa faɗa. Gide ya ga an taru a kansa, sai ya ɗaga yatsa sama.

"Yaya, ka shaida. Wallahi tallahi, duk ranar da likita ya dube ni ya ce in bar taba, na bar ta har abada. Amma likita fa na ce, ba mata ba."

Hajaratu ta ji ranta ya yi fari tas. Ta san mijinta, ta san nauyin rantsuwarsa. A ganinta magana ta ƙare, saura kawai a je asibiti.

Baiwar Allah ba ta san wayon da aka yi mata ba. Gide ya san likitan da za su je wurinsa, ya kuma san abin da ke aljihun likitan.

Ranar kasuwar Kankara suka tafi tare. Dakta Mas'ud ya sa Gide ya hau gado, ya taɓa yatsun, ya danna bayan ƙafar yana neman bugun jini, bai ji komai ba. Ya danna ta hagu, ya ji shi can ƙasa-ƙasa. Nan take ya gane ciwon, don ya karanta shi, har jarrabawa ya ci a kansa. Taba ce ke tsuke hanyoyin jinin ƙafa har nama ya mutu. Maganinsa na gaske guda ɗaya ne, a bar taba gaba ɗaya. Ko kara ɗaya mutum yake sha a wuni, ciwon ba zai tsaya ba.

Ku riƙe wannan da kyau, jama'a: ya sani. Ba kuskure ya yi ba.

Gide yana kwance ya kanne masa ido. "Likita, wai iyalina ta ce taba ce ke cin ƙafata. Kai da ka san taba ciki da bai, mi ka gani?"

Likita ya ji maganar ta soke shi. Ya dubi Gide, ya ga murmushin wanda ya san sirrinka. Ya ga in ya ce "ka bari," Gide zai tuntsire da dariya ya ce, "To kai fa?" a gaban mace, ga ƙofa a buɗe, ga mutane cike da baranda.

Sai ya sunkuyar da kai yana rubutu, ya ce, "Ka ɗan rage. Komai ya yi yawa ba kyau. Ga ƙwayoyi, a riƙa wanke ciwon da ruwan gishiri."

Hajaratu tana rakuɓe a bakin ƙofa. Ta ja hijabinta ta ce, "Ranka ya daɗe, ragewa ko bari? Don kawuna haka nashi ya fara, kuma..."

Likita ya ajiye biro. Ya kalle ta daga sama har ƙasa.

"Malama, a wace jami'a kika yi karatun likita?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake. Ko ki zo ki hau kujerar, ni in koma bakin ƙofa? Kun ga matsalarku ke nan mutanen ƙauye, a kawo ku asibiti ku zo da kawunku a baki."

'Yan baranda suka ji, wasu har da dariya. Hajaratu ta fita tana tuntuɓe, ko takalminta ba ta sa daidai ba. Wallahi duk sanda na zo wurin nan a labarin sai raina ya ɓaci.

A gida Gide ya samu abin tsokana. Ya rage ɗin kuwa, daga kwali guda ya koma rabi. In ya kunna sai ya ɗaga karan ya ce, "Hajaratu, shaida dai, ragewa nike. Umarnin likita nike bi." Ta koma wurin Malam Nata'ala, shi ma ya watsa hannuwa. Rantsuwa a kan "bari" aka yi ta, likita kuwa bai ce a bari ba.

Bayan wata guda Gide ya koma wankin ciwo shi kaɗai. Raunin ya faɗaɗa, gefensa ya fara duhu. Likita ya gani, jikinsa ya yi sanyi. Ba kowa a ɗakin sai su biyu, dama ta samu. Ya gyara murya.

"Gide, tabar nan fa..."

Kafin ya ƙarasa, Gide ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon kwali, irin mai tsadar da likita yake so, ya tura masa ƙarƙashin kati.

"Tsarabar Funtuwa ce, Likita. Na san ba ka iya saye a garin nan, idanu sun yi yawa. Mi kake cewa?"

Likita ya dubi kwalin. Tun safe bai samu ya zuƙa ba, kansa har sarawa yake. Ya jawo aljihun tebur ya jefa shi ciki.

"Cewa nake ka ci gaba da ragewa."

Damina ta faɗi, ciwo ya ci gaba. Gide ya daina iya taka birki, sai da ƙafar hagu yake jan ƙasa in zai tsaya, fasinjoji suka fara gudunsa. Barci ya gagare shi sai ya sako ƙafar ƙasa daga kan gado. Mai barkwancin nan ya koma mai faɗa, yara na ganinsa suna ɓuya.

Abin duniya ya ishi Hajaratu. Ta nemi izinin Malam Nata'ala a ɓoye, ta hau motar kasuwa ita kaɗai ta tafi Kankara. Ta isa da hantsi. Likita ya hango ta ta taga ya gane ta, ya ce wa mai kiran layi a bar ta ƙarshe. Tana zaune a baranda aka yi azahar, aka yi la'asar, ga shi kowa ya san hanyar Ruwan Godiya ba a bin ta in rana ta yi sanyi.

Da aka kira ta, ba ta zauna a kujera ba, durƙusawa ta yi a siminti.

"Ranka ya daɗe, ban zo koya maka aiki ba, ni jahila ce. Roƙo na zo. Malam ya rantse gaban yayanshi, duk ranar da likita ya ce mashi ya bar taba, ya bari har abada. Kuma shi ba ya karya rantsuwa, ka tambayi kowa. Kalma ɗaya ce, ranka ya daɗe. Ka ce mashi ya bari. Ko ba taba ba ce, ka faɗa don Allah, mi zai rage ka da shi?"

Yanzu kam likita ba shi da sauran mafaka. Ba sai ya yi dogon wa'azi ba, ba sai ya ba da magani ba. An kawo masa ƙafar mutum an ɗora a kan harshensa.

Allah kaɗai ya san abin da ya yi ta kai da kawo a ransa. Ni dai a ganina ba dariyar Gide kaɗai yake tsoro ba. Shekara ashirin yana lallashin kansa cewa taba ba ta kai yadda ake faɗa ba. In ya buɗe baki ya ce wa Gide ita ce ke kashe ƙafarsa, kunnensa ma zai ji.

Ya miƙe zai wuce ta gabanta, iska ta kaɗo rigarsa. Hajaratu ta shekara goma sha shida tana wanke rigunan mashayi. Turare bai isa ya ɓoye mata warin nan ba. Ta ɗago kai a hankali, maganar ta suɓuce mata.

"Halan kai ma kana sha ne, ranka ya daɗe?"

Kai! Kamar ta watsa masa ruwan zafi.

"Ni kike tuhuma? A asibitina? Tashi ki fita! Fita na ce! Kada in ƙara ganin ƙafarki a nan."

Ta fita tana kuka. Motar ƙarshe ta riga ta tashi, sai a gidan wata 'yar garinsu ta kwana.

Da a nan ya tsaya ma da sauƙi. Amma da Gide ya zo wankin ciwo a makon, likita ya tare shi da fuska a murtuke.

"Ka ja wa matarka kunne. Ta zo nan a bayan idonka tana roƙona in yi maka ƙarya don ta ci galaba a kanka. Har ni take wa sharri. In ba ka iya riƙe gidanka ba, ka nemi wani asibitin."

Gide ya koma gida yana huci. Ciwo ya riga ya cinye haƙurinsa. Ya ce da Hajaratu ta kunyata shi a gaban babban mutum, ta tattara ta tafi Damari sai ya neme ta. Ta durƙusa ta ce ya bari ko don wankin ciwon, ya ce ba ya so. Ta goya ƙaramin ɗansu ta tafi.

Mako biyar ta yi a gidansu. Mako biyar ba mai dafa ruwan gishiri a kan lokaci, ga laka, ga ƙuda. Gide kuma baƙin ciki ya sa rabin kwalin ya koma kwali guda da ɗori.

Wari ne ya kai Malam Nata'ala ɗakin. Ya yaye tsumman da aka naɗe ƙafar, ya ga yatsu uku sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi, baƙin ya hau har idon sawu. Ya yi salati. Ranar ya aika Damari aka dawo da Hajaratu, bai ko shawarci Gide ba. Washegari suka kwashe shi sai Kankara.

Dakta Mas'ud ya leƙa ƙafar daga nesa, ya toshe hanci da hankici. Ya rubuta takarda ya miƙa wa Malam Nata'ala ba tare da ya dubi kowa ba.

"Ya fi ƙarfin nan. Ku wuce Katsina. Kun yi sakaci da yawa."

Ku ji fa. Su ne ma suka yi sakaci.

A babban asibiti a Katsina suka faɗa hannun wani dattijon likita mai furfura, Dakta Salahuddeen. Ya karanta takardar Kankara, ya juya bayanta, ya sake juyowa. An rubuta ƙwayoyi, an rubuta ranakun wanki, ba kalma ɗaya a kan taba. Ya kama hannun Gide ya dubi yatsun da hayaƙi ya rina.

"Malam Gide, kana shan taba?"

"Ina sha, amma na rage, yadda likita ya ce."

"Wane likita ya ce ka rage?"

Gide ya faɗa masa. Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya jawo kujera ya zauna daf da gadon.

"Ka dube ni nan. Ni ma na sha taba shekara goma sha takwas, na san daɗinta, na san azabar barinta. Ba zan yi maka ƙarya ba, makon farko sai ka ji kamar ka ci mutum. Amma ita ce ta kashe ƙafar nan, kuma ta fara taɓa ɗayar. Ba ragewa ba. Ka bari. Yau, yanzu, ko kara ɗaya kada ka ƙara."

Gide ya dubi yayansa, Malam Nata'ala ya gyaɗa kai. Gide ya sa hannu a aljihu ya ciro kwali da ashana, ya miƙa wa likitan.

"Na bari," in ji shi.

Shi ke nan fa. Abin da aka yi wata bakwai ana nema, bai ɗauki minti biyu ba. Hajaratu ta juya ta kifa kanta a bango tana kuka.

Gide ya ce, "To Likita, tunda na bari, ƙafar za ta tashi?"

"Ta hagu in sha Allahu za mu tsare ta. Ta dama ta riga ta mutu. In ba a cire ta ba za ta tafi da kai."

"Da na bari tun farkon damina fa?"

Dattijon bai so amsawa ba, amma Gide ya kafe shi da ido.

"Allah ne masani. Amma a abin da na saba gani, da wataƙila yatsa ɗaya za ka rasa, ka koma kan babur ɗinka."

Gide bai yi kuka ba. Ya juya ya dubi matar da ya kora Damari, sannan ya ja mayafi ya rufe fuskarsa.

Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Kun san yadda muke yi, gaɓar Musulmi ba a yar da ita. Ma'aikata suka naɗe ta a leda, Malam Nata'ala ya sayo farin yadi ya ƙara naɗewa, aka sa a kwalin taliya aka ɗaure da igiya, za a kai gida a rufe. Wata ƙanwar Gide ta zauna jinya. Hajaratu ta ce za ta bi Yaya ta dubo yara.

Motar Katsina a Kankara take sauke su, daga nan su canja ta Ruwan Godiya. Ranar kuwa kasuwa ce. Suna sauka Hajaratu ta ɗauki kwalin ta ɗora a ka, ta nufi wata hanya daban.

"Ke Hajaratu, tasha tana nan," in ji Malam Nata'ala.

"Na sani, Yaya. Ka yi mani haƙuri yau ɗaya."

Ya dube ta, ya gane inda ta dosa. Bai hana ta ba, ya bi bayanta.

Barandar asibitin cike take maƙil. Ba ta karɓi kati ba, ba ta bi layi ba. Ta tura ƙofa, likita yana duba wani tsoho mai tari. Ta sauke kwalin a kan teburinsa, a kan katunan, ta fara kwance igiya.

"Ke! Ban ce kada in ƙara ganinki ba? Mene ne wannan?"

Ta buɗe kwalin. Farin yadi ya bayyana, siffar abin da ke ciki ba ta ɓuya ba.

"Ƙafar Malam ce. Wata bakwai tana zuwa wurinka, na ce bai kamata a rufe ta ba ku yi sallama ba."

Likita ya ja da baya har kujerarsa ta bugi bango. Mutanen baranda suka taso suka cika ƙofa. Hajaratu ba ta ɗaga murya ba, amma ba wanda bai ji ta ba.

"Likitan Katsina sau ɗaya ya faɗa. Sau ɗaya tak. Malam ya miƙa mashi kwalin a take. Yau kwana huɗu, kanshi kamar ya tsage, yana cizon matashi, amma bai sha ba. Tambaya ɗaya na zo da ita, ka amsa mani tsakaninka da Allah. Ranar farko da ka taɓa ƙafar nan, ka san taba ce ko ba ka sani ba?"

Ya dubi ƙofa, idanu sun fi talatin. Ya dubi Malam Nata'ala, dattijon ya harɗe hannuwa yana jira. Bakin nan da ya saba wanke mutane tas, ranar da ƙyar ya buɗu.

"Na... na sani."

Wata mata a ƙofa ta ce, "Innalillahi!"

"To mi ya hana ka faɗa?"

Likita ya kawar da kai. Hajaratu ta ci gaba.

"Ni in faɗa maka. Malam ya ba mu labarin gindin tsamiya, ya ba mu labarin tsarabar Funtuwa. Ka ji kunyar a ce likita yana shan taba, sai ka biya da ƙafar uban 'ya'yana. Da ka ce mashi, 'Gide, ni ma abin ya fi ƙarfina, amma kai ka bari,' wallahi da ya bari, kuma da ba wanda zai ji sirrinka a bakinmu."

Tsohon nan mai tari ya miƙa hannu a hankali ya zare katinsa daga ƙarƙashin kwalin, ya sa hula, ya fita.

Malam Nata'ala ya matso zai ɗaure kwalin. Hajaratu ta ce, "Yaya, bar shi. Ni na ɗauko ta daga Katsina, wuyana ya gaji. Shi zai kai mana ita mota."

Ba wanda ya tilasta shi. Amma ba wanda ya matsa daga inda yake, ba kuma wanda ya ce a yi haƙuri. Dakta Mas'ud ya ɗaure igiyar da hannunsa, ya rungumi kwalin. Bai zaci za ta yi nauyi haka ba, sai da ya gyara riƙo.

Haka ya ratsa baranda da farar rigarsa, ya fita titi, ya bi ta gefen kasuwa. A bakin tasha 'yan acaɓa abokan Gide suna zaune a kan baburansu, labari ya riga ya kai musu. Mutanen da kullum suke rige-rigen gaishe shi, ranar ko ɗaya bai ce "sannu Likita" ba. Kashe injuna suka yi, suna kallonsa har ya isa motar.

Direba ya buɗe but, ya matsar da buhun gishiri, likita ya ajiye kwalin. Hajaratu ta riga ta shiga ta zauna a gefen taga. Ya zagayo ya tsaya, gumi ya jiƙa masa riga, ya russuna kamar yadda tsofaffi suke russuna masa.

"Hajaratu... Malama... don girman Allah ku yafe mini."

Ta dube shi. Idonta a bushe yake.

"Mai ƙafar yana Katsina, in ka iya haɗa ido da shi ka je ka roƙe shi. Nawa haƙƙin dai, na durƙuson da na yi maka da mako biyar ɗin da ka raba ni da jinyar mijina, ban yafe ba. Direba, mu tafi, rana na yi."

Motar ta tashi ta bar shi tsaye a tsakiyar tasha. Bayan la'asar aka rufe ƙafar a Ruwan Godiya, Gide kuwa bai ƙara hawa babur ba.

Darasi: In an ba ka amanar lafiyar mutane, rauninka ba hujja ba ne na yin shiru. Likitan da taba ta kama ya nemi taimako ya rabu da ita, don mai sha da wuya bakinsa ya buɗe ya hana wani. Kafin ya kai ga haka, ya faɗa wa marar lafiya gaskiya ko da za a ce masa "to kai fa?" Kunyar minti ɗaya ba ta kai gaɓar mutum ba. Kai kuma mai sha, kada ka je neman likitan da zai faɗa maka abin da kake son ji, jikinka ne zai biya. Ku tura wa ma'aikatan lafiyar da kuka sani, ku tura wa duk wanda kuke ƙauna da ke riƙe da karan sigari, wataƙila kalmarku ce yake jira.